Kurakuran da manyan ɗalibai kan yi wajen koyon aikin hulɗa da jama'a a ƙungiyar agaji

Sai da na aurar da 'yata ta fari sannan na koma makaranta. Na bi ta ƙofar da jami'o'inmu suka buɗe wa 'yan shekara 25 zuwa sama, na samu gurbi a UniMAC, jami'ar koyon aikin watsa labarai da ke Accra a Ghana, inda tsohuwar makarantar koyon aikin jarida da Kwame Nkrumah ya buɗe a 1959 take yanzu. Da lokacin fita koyon aiki ya yi, na yi wata uku a wata ƙungiyar agaji mai kula da marayu da matan da mazajensu suka rasu, tsakanin unguwannin Nima da Maamobi a Accra. Abin da zan faɗa, wani ni na yi shi, wani a wurin tsarana na gani.

Kuskuren farko shi ne yarda a ajiye ka gefe da sunan girmamawa. Shugabar sashenmu sa'ar 'yata ce. "Mma, ki huta," shi ne abin da na sha ji mako biyu, yara na ta fita aiki ni ina zaune. Ba raini ba ne, kunya ce irin tamu, amma wanda ba a aika ba ya koyon hanya. Na kira ta gefe na ce: "'Yata, a waje ni uwarki ce, a nan ke ce gaba da ni. Ki gyara rubutuna kamar na kowa." Ka faɗi wannan tun ranar farko, kuma idan gyaran ya zo, kada ka ɓata rai.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne hoto. Ranar rabon shinkafa da mai kafin azumi, na ɗauki wata baiwar Allah tana karɓar buhu, aka sa a Facebook. Kafin magariba maƙwabtanta sun gani, dangin mijinta sun gani. Ta zo ofis ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi: "Hajiya, shekara nawa ina rufa wa kaina asiri?" Na kasa haɗa ido da ita. A Zango kowa ya san kowa, hoton da mai ba da tallafi a Ingila zai gani ya wuce, a lungunmu tonon asiri ne. Dokar kare bayanan jama'a ta Ghana, mai lamba 843 ta 2012, ta buƙaci a nemi yardar mutum kafin a yi amfani da bayanansa, amma takardar Turanci da aka miƙa wa mace a layi, buhu na jiranta, ba yarda ba ce. Ka yi mata bayani da harshen da take ji, ka faɗa mata inda hoton zai je, ka tabbatar mata ko ta ƙi ba za a hana ta rabonta ba. Yaro kuwa sai da izinin waliyyinsa. Sau da yawa hoton hannuwa ko na kayan ya wadatar.

Sanarwar manema labarai ba wasiƙar gida ba ce. Mu manya mun saba fara magana da doguwar gaisuwa da godiya. Editan jaridar Daily Graphic ba zai kai layi na biyar ba. Me aka yi, a ina, yaushe, mutum nawa suka amfana: duk a jimlar farko.

Sannan kada ka ɓoye abin da shekaru suka ba ka. Matasan ofis sun fi ni sanin kwamfuta, amma ba su san cewa ba a kafa rumfa a unguwa ba tare da an gaida Sarkin Zango ba, ko cewa sanarwar liman bayan sallar Juma'a da saƙon murya na Hausa a WhatsApp sun fi takardar da aka manna a bango isa wurin mata. Na daɗe ina shiru don kada a ce na cika iyayi. Da na buɗe baki, ni aka riƙa sawa gaba.

Batun kuɗi a taƙaice: kada ka taɓa ba da lambar MoMo ɗinka, wato asusun kuɗinka na waya, don karɓar gudummawa, ko don sauƙaƙa wa wani. "Soli" kuma, wato ɗan kuɗin da wasu 'yan jarida kan sa rai a ba su bayan taro, kada ka yi alkawarinsa da bakinka. Tambayi tsarin ƙungiyar tun kafin ka gayyace su.

Littafin rahoton aiki, ka cika shi kullum kafin ka hau motar haya ta trotro, don da ka isa gida hidimar iyali za ta cinye ka. Ka ajiye kwafin duk sanarwar da ka rubuta, kuma ka nemi takardar shaida da sa hannun shugabanka saura mako biyu ka gama, domin ranar ƙarshe sau da yawa ba a samunsa a ofis.