Yadda Ake Tantance Fili Kafin a Saya a Yi Gini a Katsina

Tun da aka ƙirƙiri Jihar Katsina a 1987, birnin ya daɗe da tsallake ganuwarsa. Gonakin da ke kan hanyar Dutsin-ma, da ta Batsari, da ta Jibiya, da ta Daura sun zama unguwanni, har Batagarawa ta kusa haɗewa da gari. Yawancin wannan faɗaɗa awon igiya ne, wato mai gona ya yanka ta fuloti-fuloti ya sayar ba tare da hukuma ta tsara wurin ba, kuma daga nan ne rigimar fili da rusau suke samo asali.

Abin da ya kamata ka fara sani shi ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Filayen da ke cikin yankin da aka ayyana a matsayin birni gwamna ne ke ba da su, na karkara kuma ƙaramar hukuma. Ke nan abin da kake saye shi ne haƙƙin zama da amfani, wanda a takardar shaidar mallaka galibi shekara 99 ne ga filin gidan zama.

Matakin farko shi ne ka je filin da ƙafarka, kuma in da hali ka je da damina, bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Fili da rani duk kyau gare shi. Ka duba inda ruwa yake bi, ka tambayi dattawan wurin ko a da kududdufi ne aka cike, ko burtali, ko tsohuwar maƙabarta. Wanda ya tuna ambaliyar da ta auka wa Jibiya a Yulin 2018 ba zai ɗauki maganar hanyar ruwa da wasa ba. Ka kuma ɗaga kai ka duba babbar wayar lantarki, domin an hana gini a ƙarƙashinta.

Mataki na biyu shi ne mafi muhimmanci, kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Kafin ka ba da ko kafin alƙalami, ka ɗauki safiyo mai rajista ya auna filin ya fitar da taswirarsa, sannan ka kai ta ma'aikatar filaye da kuma Hukumar Tsara Birane ta jiha, ka nemi a duba maka abu biyu: ko an riga an ba wani wannan fili, da kuma abin da aka ware wurin dominsa a tsarin gari. Tsarin gari yakan raba ƙasa gida-gida: nan gidajen zama, can kasuwa, can masana'antu, wani wurin makaranta ko asibiti, wani kuma titi ne da ba a kai ga fasawa ba tukuna. Fili yana iya zama halak malak na mai sayarwa, gadon kaka da kakanni, amma ya faɗa tsakiyar titin da aka zana tun shekarun baya. Sa hannun mai unguwa ko dagaci yana shaida cewa an yi ciniki, kuma yana da daraja, amma ba ya sauya abin da ke kan taswirar hukuma. Idan gwamnati ta karɓi wuri don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta fi karkata ga gini da amfanin gona da ke kai, ba ga kuɗin da ka biya dillali ba.

Na uku, ka binciki mai sayarwa. In gonar gado ce, ka tabbata an raba, ko kuma dukkan magada sun yarda, har da mata, waɗanda sau da yawa akan manta da su sai bayan gini ya kai linta. A rubuta yarjejeniya a gaban shaidu. In filin yana da takardar mallaka, doka ta ce sai da amincewar gwamna za a sauya suna.

Na huɗu, kada ka haƙa harsashi sai ka kai zanen gininka Hukumar Tsara Birane ta amince. A nan ne za a faɗa maka tazarar da za ka bari tsakanin katangarka da titi. Ina roƙon mai gini ya bar wannan tazara da zuciya ɗaya. Ƙafa biyar da kowa yake ci daga layi ita ce take mayar da unguwa lungun da motar kashe gobara ba ta iya shiga, kuma kwata ta rasa inda za ta bi sai ƙofar maƙwabci.

Idan daga baya kana son mayar da gidan naka ya zama makaranta, ko gidan burodi, ko rukunin shaguna, wannan ma sai ka koma hukumar ka nemi izinin sauya amfani kafin ka fasa bango.