Yadda ake tsara shafin rajistar kwasa-kwasai, a kuma gwada shi a hannun ɗalibai

Idan aka ɗora maka aikin tsara shafin da ɗaliban jami'a za su riƙa rajistar kwasa-kwasai, kada ka yi gaggawar buɗe kwamfuta. Je ofishin kodinetan aji a makon rajista, ka roƙi kujera ka zauna a gefe. A nan za ka ga mutumin da za ka yi wa aikin: ɗan aji uku mai kari-oba biyu (kwasa-kwasan da ya faɗi zai maimaita), wayarsa ƙaramar Itel ce mai tsagaggen allo, datarsa ta kusa ƙarewa, kuma gobe za a rufe fotal. Ni shi nake sawa a gaba duk lokacin da nake zane, domin shafin da ya yi masa aiki ba zai gagari sauran ba.

Kafin zane, tattara dokoki. Ƙa'idar da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta daɗe da shimfiɗawa ita ce ɗalibi ya ɗauki yunit 15 zuwa 24 a zango ɗaya, amma ka tabbatar da abin da majalisar jami'arku ta amince da shi. Nemi jerin kwasa-kwasan dole da na zaɓi, da waɗanda ba a ɗauka sai an ci wani tukuna. Akwai kuma wani tarko: tun da aka ƙaddamar da sabuwar manhajar karatun jami'o'i, wato CCMAS, a ƙarshen 2022, lambobin kwasa-kwasai da yawa sun canja, sai ka tarar da 'yan tsohuwar manhaja da 'yan sabuwa a sashe guda. Ka sa kowane sashe ya ba ka a rubuce wane sabon kwas ne ya maye gurbin wane. Maganar baki ba ta isa ba a nan.

Da ɗalibi ya shiga, ya fara ganin sunansa, ajinsa, zangon da ake ciki, da matsayin kuɗin makarantarsa. A jami'o'in tarayya ta Remita ake biya da lambar RRR, wato lambar da Remita ke ba kowane biya, kuma tabbacin biyan yakan ɗan jinkirta. Saboda haka shafin ya faɗa masa ƙarara cewa ana jiran tabbaci, ya ba shi maɓallin sake dubawa. Idan ka bar shi da farin allo, zai ɗauka kuɗinsa sun salwanta, wani ma har ya sake biya.

Kari-oba su zo a sama, an riga an zaɓe su, tunda su ake fara cikewa. Na dole su biyo baya, su ma a zaɓe. Abin da ya rage wa ɗalibi shi ne na zaɓi kawai. Kowane kwas ya fito da lambarsa da sunansa da yunit ɗinsa, domin sabon ɗalibi bai san GST 111 darasin Turanci ba ne. A ƙasan allo a kafe lissafin yunit, misali 19 cikin 24, yana motsawa da kowane zaɓi. Wannan ɗan layin kaɗai yana rage rabin kai-kawon da ake yi zuwa ofishin kodineta, a ganina.

Saƙon kuskure shi ne inda yawancinmu masu rubuta manhajar kwamfuta muke kasala. Kada shafi ya ce an samu matsala ya yi shiru. Ya ce: ba za ka ɗauki wannan kwas ba sai ka ci MTH 101, ko kuma ka haura da yunit 2, cire kwas ɗaya. Kowane zaɓi ya adanu nan take, saboda sabis yana iya ɗaukewa a tsakiya. Maɓallai su kai girman yatsa, ƙa'idar Android ta ce 48dp (dp ma'aunin girma ne a allon waya), rubutu kuma ya bambanta da bayansa sosai, aƙalla 4.5 zuwa 1 kamar yadda ƙa'idar WCAG, ta sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet, ta tanada, tunda a tsakar rana ƙarƙashin darbejiya za a karanta shi. Fom ɗin da za a buga a kai wa kodineta da shugaban sashe su sa hannu ya tsaya a shafi ɗaya. Kuɗin bugawa daga aljihun ɗalibi yake fita.

Duk wannan ka fara zana shi a takarda, kowane allo a falle ɗaya. Figma, manhajar zana shafuka a kwamfuta, ta jira sai zanen ya nuna.

Sai gwaji, wanda shi ne ainihin aikin. Jakob Nielsen, masanin gwada sauƙin amfani da shafuka, ya nuna a 2000 cewa mutum biyar sukan tono kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani da shafi, amma ya ce idan masu amfanin iri-iri ne a ɗauki uku ko huɗu daga kowane rukuni. Namu kuwa iri-iri ne: ɗan aji ɗaya, wanda ya shigo kai tsaye aji biyu da difloma ko NCE, mai kari-oba, da ɗan ajin ƙarshe. A sa mata da maza, a nemi mai raunin gani. Kada ka ɗebo 'yan sashen kwamfuta don su ne kusa da kai. Waɗannan ko shafin ya karkace za su lallaɓa su wuce. Ka haɗa da mai kafen intanet ɗaya, domin ɗalibai da yawa shi suke miƙa wa aikin, kuma za ka ga yadda yake cusa lambar wayarsa a gurbin ta ɗalibi don sauri.

Buɗe musu asusun gwaji na ƙarya, kada ka taɓa sakamakon kowa na gaske; dokar kare bayanai ta 2023 tana nan. Su yi amfani da wayarsu da datarsu, kai ka biya kuɗin datar. Ba su aikin a matsayin labari: "Kana aji uku, ka faɗi kwas biyu bara, yi rajistar wannan zangon ka fitar da fom." Kada ka ambaci sunan maɓalli a cikin umarnin. Ka roƙe su su riƙa faɗin abin da ke ransu da ƙarfi, da Hausa ko Turanci, duk wanda ya fi zo musu.

Kunya ce babbar matsalarka a ɗakin nan. Ɗalibinmu zai sha wahala minti goma, ka tambaye shi ya ce, "Wallahi ya yi kyau, Malam." Don haka tun farko ka ce masa, "Shafin muke jarrabawa, ba kai ba, duk inda ka maƙale laifinmu ne." Kada malaminsa ya zauna a wurin. Idan ɗaliba ce, samun mace ta jagoranci zaman yakan sa ta fi sakewa. Kai kuma ka kama bakinka. Idan ta ce, "Malam, nan zan danna?" ka ce, "Ke me kike ganin zai faru in kin danna?" Yin shiru kana kallon mutum yana laluben abin da ke gaban idonsa akwai wuya, amma daga nan gyaran yake fitowa.

Rubuta abu uku: ya kammala ko bai kammala ba, minti nawa, a ina ya tsaya. Idan shugabanni na son lamba, ba ɗaliban tambayoyi goma na ma'aunin SUS, mai auna sauƙin amfani da shafi, da John Brooke ya ƙirƙiro a 1986. Matsakaicin sakamako 68 ne cikin 100, abin da ya gaza haka yana buƙatar aiki. Inda mutum biyu suka yi tuntuɓe a wuri ɗaya, gyara shi kafin komai, sannan ka kira sababbin mutane a sake zagaye. Gwajin ko sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, za ta ɗauki dubban ɗalibai a daren rufe fotal aiki ne daban, ka sa masa rana tun kafin a fitar da kalandar rajista.