Kurakuran da ke sa a jingine keke kafin ranar gasa

A nan Garwa, wanda ya ƙudura yin tirayatlon, wato ninkaya da tseren keke da gudu a jere ba hutu, zumuɗi ne ke fara kayar da shi. Ya ji Ironman, wato gasar tirayatlon mai dogon zango, ninkayar kilomita 3.8 ce, keke 180, gudu 42.2, sai ya ɗora wa kansa wannan tun ranar farko. Mako uku gwiwa ta kumbura, keke ya koma zaure yana shan ƙura. Da rarrafe yaro kan tashi: fara da gajeren zango, mita 750 a ruwa, kilomita 20 a keke, 5 a ƙafa. In ya zauna a jiki, sai ka hango na Olamfik, kilomita 1.5 da 40 da 10.

Inda aka fi faɗuwa shi ne ruwa. Keke mun iya tun ana aikenmu kasuwa, gudu kuma ƙwallo ta koya mana, amma ninkaya da yawanmu ba mu iya ba, kuma kunya ta hana mu koyo da gemu. Sai mutum ya yi ta ƙara kilomita a abin da ya riga ya iya, yana cewa ai yana ƙoƙari. Wata huɗu na yi a haka. Ranar da na shiga wurin ninkayar wani otal, ban kai mita 25 ba na kama gefe ina haki, ruwa na zuba ta hanci. Dattijon da ke kula da wurin ya ce, "Ɗana, kokawa kake da ruwan. Busar da numfashi a ciki, in ka juyo sai ka shaƙa." Na ce, "To, Baba." Mako biyu ban yi komai ba sai wannan, a inda ruwa ke iya ƙirjina, kuma daga nan tsoro ya sake ni. Kada rashin kuɗin shiga ya kai ka kogin Binuwai ko tafkin Lagdo kai kaɗai. Akwai dorina, akwai tsargiya.

Wasu kuma taurin kai suke kira juriya. A Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, mai fita gudu da azahar jikinsa yake cuta. Fita bayan sallar asuba da gorar ruwa mai ɗan gishiri da sukari. In fitsari ya yi duhu, ruwa ya gaza. Da azumi a rage, a mayar bayan buɗa baki.

Da yawa ba su taɓa gudu daga saukowa keke ba sai ranar gasa, su ji ƙafafu kamar an ɗaura musu buhun masara, su ɗauka sun gaza. Sau ɗaya a mako, kana sauka ka yi gudun minti 10, ƙafa za ta saba.

In zazzaɓi ko hidimar biki ta cinye maka mako guda, kada ka ce sai ka rama a kwana biyu. Koma kan rabin abin da kake yi, mako na gaba ka ƙara.