Yadda Ake Samun Izinin Gina wa Ma'aikacin Gona Gida a Karkarar Ingila

A Ingila, don fili naka ne ba shi ke ba ka damar gina gida a kai ba. Sai ƙaramar hukuma ta ba da izini, a karkara kuma abin ya fi tsauri. Kundin manufofin gine-gine na ƙasa, NPPF, wanda ya fara aiki a 2012, ya ce a guji gina gida shi kaɗai nesa da gari. Amma an bar wa manomi ƙofa: idan akwai larurar da ta sa dole ma'aikaci ya zauna a gonar ko kusa da ita.

A wannan larurar ne nake ganin manoma suna faɗuwa idan ina taya su shirya takardu. Mutum zai cika shafi da bayanin tsadar haya da nisan hanya. Jami'in hukuma ba wannan ya dame shi ba. Abin da yake so ya sani shi ne: me zai lalace da ƙarfe biyun dare idan babu kowa a wurin? Saniya ce za ta kasa haihuwa? Tumaki ne a lokacin haihuwarsu? Ko na'urar iska ce za ta tsaya a ɗakin kaji, su mutu kafin gari ya waye? Rubuta wannan dalla-dalla: dabbobi nawa, wane wata suke haihuwa, awa nawa aikin ke ci a shekara. Tsoron ɓarayi shi kaɗai ba kasafai yake isa hujja ba, za a ce ka saka kyamara. Mai noman alkama zalla kuwa ya sani da wuya ya samu, domin alkama ba ta neman agaji cikin dare.

Sai batun kuɗi. Ƙananan hukumomi da dama har yanzu suna bin tsohon ma'aunin 2004: sana'ar ta kai shekara 3 a tsaye, ta yi riba aƙalla a ɗaya daga ciki. Kai musu lissafin da akanta ya tantance. Idan gonar sabuwa ce, kada ka nemi gidan bulo tun yanzu. Nemi izinin wucin gadi na gidan tafi-da-gidanka, yawanci na shekara 3, ka yi amfani da lokacin ka tara shaida. Na san zama a irin wannan gida cikin hunturun Ingila ba daɗi, amma ita ce hanyar da na fi amincewa da ita.

Za su kuma duba ko akwai gida a kusa da zai wadatar. Idan ka sayar da wani gida daga gonar ba da daɗewa ba, za a riƙe ka da shi. Gidan da ka zana kuma ya yi daidai da buƙatar aikin da ƙarfin sana'ar, a gina shi kusa da garken.

Kafin ka shigar da buƙata ta Planning Portal, shafin intanet na neman izinin gini, biya kuɗin neman shawarar farko daga hukumar. Hukunci kan ƙaramin gini yakan fito cikin mako 8. Idan an ƙi, kana da wata 6 ka ɗaukaka ƙara zuwa Planning Inspectorate, hukumar gwamnati mai sauraron ƙorafi kan izinin gini.

In an ba ka izinin, zai zo da sharaɗi: ba mai zama a gidan sai wanda aikinsa noma ne ko gandun daji a yankin, ko wanda da shi ya yi ritaya, da iyalinsa, da wadda ya bari in ya rasu. Sharaɗin yana manne da gidan ko da ya sauya hannu, yana rage masa daraja a kasuwa, wasu bankuna ma kan ja baya wajen ba da rance a kansa. Je ka ga bankinka tun kafin ka biya mai zane.