Yadda Nake Bin Sawun Maryamu Cikin Littafi Mai Tsarki

Ka buɗe Luka sura 1, daga aya 26. Kada ka yi gaggawa a nan. Mala'ika Jibra'ilu ya zo wa budurwa Maryamu a Nazarat da maganar da za ta iya jawo mata kunya a idon jama'a, wato za ta yi ciki ta haifi ɗa, sai da ta tambaya ta yaya hakan zai yiwu, sannan ta amsa cewa ita baiwar Ubangiji ce. Ni wannan tambayar ce ta fi taɓa ni. Ashe mai bangaskiya ma yana tambaya.

Waƙarta, aya 46 zuwa 55, ka karanta da murya, ka kwatanta da addu'ar Hannatu a 1 Sama'ila sura 2.

Daga nan sai Luka 2:35, inda aka ce takobi zai soki zuciyarta. Ka sa yatsa a wurin, ka juya zuwa Yahaya 19:25, ka same ta tsaye gindin gicciyen ɗanta Yesu. Nakan yi shiru a nan na ɗan lokaci, ban cika iya wucewa ba.

Bikin auren da ta halarta tare da Yesu a garin Kana yana Yahaya sura 2. Kada ka rufe littafin sai ka duba Ayyukan Manzanni 1:14, tana cikin masu addu'a tare da almajirai.