Darasi na 7: Kula da Fata Yayin da Shekaru ke Ja

Ku dubi bayan hannunku, sannan ku dubi cikin damtse inda riga ke rufewa. Shekarunsu ɗaya fa, amma ɗaya ya fi ɗaya yamutsewa da duhu. Aikin rana ne wannan. Haskenta na cinye wani sinadari da ke ƙarƙashin fata mai suna kolajin, shi ne ke riƙe fata ta tsaya da kyau, in ya ragu sai ta saki ta tattare. Hayaƙin taba ma haka yake yi.

Baƙar fata tana da kariya daga Allah, shi ya sa ba ma saurin yamutsewa kamar Turawa, mu namu ya fi zuwa da tabo-tabo a kumatu da goshi. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma a nemi inuwa, manomi ya sa malfa, mai zaman kasuwa ta kafa laima. Mai hali ya sayi man kariyar rana, a duba jikinsa a ga SPF 30 ko sama.

Da hunturu kuma man kaɗanya ko basilin ya wadatar, a shafa bayan wanka tun jiki da ɗan danshi, a rage ruwa mai zafi sosai da dirza da soso kamar ana wanke tukunya.

Abin da ya fi damuna wallahi shi ne man bilicin. Ana shafawa don a yi haske, wata biyu fuska ta yi fes kowa na yabawa, daga baya fatar ta yi siriri jijiyoyi su fito, nankarwa ta ɓarke, gwiwoyin yatsu su yi baƙi, 'yar shekara 30 ta koma kamar ta ba 50 baya. Wasu mayukan ma har ƙoda suke taɓawa, hukumar NAFDAC ta hana sayar da masu sinadarin mercury.

Maganin gaske na yamutsewa da tabo-tabo akwai, wurin likitan fata. Yakan rubuta tretinoin a shafa da dare kaɗan kamar ƙwayar wake, sai an yi watanni ake ganin canji, kuma mai ciki ba ta shafa shi sam.

Aikin gida: ku ɗauko man da kuke shafawa, ku nemi sunayen waɗannan sinadarai na man bilicin a jikin kwalin, hydroquinone, mercury, clobetasol. Wanda ya ga ɗaya ya zo da kwalin aji mu karanta tare.