Yadda ake karatun halayyar dabbobi a jami'a

To da farko ka sani, a jami'o'inmu yawanci a cikin Zoology ko Biological Sciences ake koyar da wannan fanni, don haka can za ka nema, kamar a ABU Zariya ko Jami'ar Jos. Kana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizis, a JAMB kuma Turanci da Bayoloji da Kemistiri sai Fizis ko Lissafi, amma dai ka duba sharuɗɗan makarantar da kake so kafin ka cike fom.

Na biyu, kuma wallahi shi ne asalin aikin, ka koyi kallo. Kar ka jira sai an kai ku daji, awakin gidanku sun isa. Samu littafi da biro da agogon waya, ka jera abubuwan da akuya ke yi, kiwo, tuƙa, kwanciya, tunkuyi, shayarwa, kowanne ka fayyace shi yadda ko wani ka ba littafin zai gane. Sai ka zaɓi guda ɗaya ka bi ta da ido minti 10 kana rubuta duk abin da ta yi, ko kuma duk bayan minti 5 ka leƙa garken gaba ɗaya ka rubuta me kowace ke yi a daidai lokacin. Waɗannan hanyoyi Jeanne Altmann ta tsara bayaninsu a 1974, ita da ta daɗe tana nazarin gwaggon biri a Amboseli ta Kenya, har yau da su ake aiki. Kuma dan Allah kar ka rubuta "ta yi fushi", ai ba ka ga fushi ba, ka rubuta ta sunkuyar da kai ta tunkuyi 'yar uwarta.

Sannan kar ka guje wa darasin ƙididdiga, da shi za ka nuna abin da ka gani ba dace ba ne kawai. Manhajar ƙididdiga mai suna R kyauta ce, fara koyonta tun a aji biyu.

Lokacin SIWES, wato zaman koyon aiki da ake tura ɗalibai wajen makaranta, nemi wurin da dabbobi suke, Yankari a Bauchi akwai giwaye, gandun dajin Gashaka Gumti a Taraba da Adamawa akwai birai kala-kala, fadamar Haɗeja zuwa Nguru kuma tsuntsaye masu ƙaura daga Turai. Furojet ɗinka na ajin ƙarshe ka yi shi kan dabba ɗaya da tambaya ɗaya. In kana son ci gaba, cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos tana digiri na biyu kan kare halittu.